Negatif Biyu a Kan Tebur

Shekara uku ke nan da idon Baba ya fara dushewa, shekara uku kuma ke nan ina cikin ɗakin wanke hotonsa, wani ɗan ƙurƙuƙin ɗaki a bayan shago da ko taga babu. Mijina an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari tun bara. Kullum a waya maganarsa ɗaya ce: yaushe zan taho?

Baba ba irin hoton kowa yake bugawa ba. Da hannu yake shafa wa takarda magani, ya ɗora negatif a kai, wato fim ɗin da ke ɗauke da hoton, ya danne da gilashi, ya shanya a rana. Dole ne negatif ɗin ya kai girman hoton da ake so, kuma ƙara masa girman nan shi ne aikina. In haska ƙaramin a kan babban fim, in wanke, in jira ya bushe, in sake kwafe shi a kan wani fim ɗin. Wuni zungur a tsaye cikin jan haske, ga warin magani, ga yatsuna duk sun saɓule.

Ranar da wata malamar asibiti ta kawo ɗan negatif na mahaifiyarta marigayiya, sai na yi ta maza.

"Baba, bari in gwada yin babban negatif ɗin da kwamfuta mana. A sa a sikana, a gyara, a buga a kan leda mai haske. Ko ina ina zan iya yi in aiko maka."

"Ko kina ina," ya maimaita a hankali. Ya gane inda na dosa. "To, Uwata, yi duka biyun. Wanda ya fi kyau shi za mu bi. Na yi miki alkawari."

Na kwamfuta ko awa ɗaya bai ci ba. Ina zaune, fanka na kaɗa ni, har wani karce da ke kumatun tsohuwar na goge. Na ɗakin duhu kuwa kwana biyu ya ɗauke ni, don na farkon ƙura ta ɓata shi. Muka shanya takardu biyu a rana, muka wanke, na jera su a kan tebur.

Baba ya ɗauki ɗaya ya kai har bakin hancinsa, ya ajiye, ya ɗauki ɗayan.

"Hayaƙi kawai nake gani," ya ce yana 'yar dariya. "Ke ce idona. Faɗa min."

Na duba. Fuskar ta fito a duka biyun, ta kwamfutar ma ta fi tsabta. Amma tsohuwar baƙin mayafi ta yafa. A na ɗakin duhu kowane ninki na mayafin ya fito, har da ɗan aikin zare a bakinsa. A ɗayan kuwa baƙi ne kawai ƙirin, ga siraran layukan firinta in ka ƙura ido.

Da zan ce na kwamfutar ya fi, ba zai taɓa sani ba.

"Naka ya fi, Baba."

Bai yi murna ba. Ya lalubo hannuna, ya shafa yatsun, ya daɗe bai saki ba.

Da yamma malamar ta zo. Ta kalli hotunan biyu, ta ɗauki na kwamfutar ta rungume.

"Wannan ce Mamata," ta ce tana share hawaye. "Wancan akwai tabo a fuskarta."

Bayan ta fita na juyo na dubi Baba, ina jiran ya ce wani abu.

"Ita 'ya ce, ba mai hoto ba," ya ce. Ya jawo aljihun tebur, ya miƙo min ambulan uku, kowanne da ƙaramin negatif a ciki. "Waɗannan ranar Laraba za a zo karɓa."

Na karɓa da hannu biyu.