Ta Ɗaya a Karatu

Da Malama Haulat ta san abin da almakashinta zai tono, wataƙila da ta bar shi a gida ta huta da ɓacin rai.

A zangon ƙarshe aka ba ta aji shida a wata firamare da ke bayan Ƙofar Kwaya. Yara saba'in da huɗu, littafin karatu tara. Yadda aka saba shi ne malami ya karanta layi, aji ya amsa da ƙarfi har masu shaguna su ji. Ranar jarrabawa a buɗe wa yaro shafi, ya karanta, a ba shi maki. Tun daga aji uku Fadila Sammani ke zuwa ta ɗaya, kuma in ta fara karatu ko numfashi ba ta tsayawa yi.

Wata Laraba Haulat ta yayyanka kwali da almakashi, ta rubuta kalmomin shafi na goma ɗaya-ɗaya, ta gauraya su. Ta ɗaga wa Fadila wanda aka rubuta "rijiya".

Yarinyar ta dubi kwalin, ta dubi rufin aji.

"Malama, a wane shafi yake?"

Kalma goma sha biyu, ko ɗaya ba ta gane ba. Ashe hoton shafi take kallo, sai ta kwararo abin da kunnenta ya haddace. Ga shi wata mai zuwa za a tura yarinyar nan sakandare a haka.

Ta nufi ofishin hedimasta, Malam Ja'afaru, mutumin kirki wanda ba abin da ya tsana a duniya kamar a taɓa masa tsari.

"Malam, Fadila ba ta iya karatu ba. A bar mani ita ta maimaita aji, ni zan koya mata."

"Haba Malama! Mi kike so in ce ma ubanta? Shekara ukku muna rubuta mashi ta ɗaya. Mu ne maƙaryata ke nan? Kuma takardar ofis cewa ta yi a gwada su da littafi, ba ta ce kwali ba."

Ranar jarrabawa Malam Ja'afaru ya jawo kujera ya zauna kusa da Haulat. Aka buɗe shafi. Fadila ta zuba karatu tiryan-tiryan, yatsanta yana kan layi na biyu, bakinta yana na biyar. Haulat ta nuna masa yatsan. Ya kau da kai.

"Masha Allah. Sa mata ɗari."

Ta sa, da hannunta, ranta yana tafasa. Haushin kanta ma ya fi na Malam ɗin.

Ranar hutu ta raba takardun sakamako, yara suka watse da ihu. Fadila ta tsaya a bakin tebur, ta miƙo tata.

"Malama, don Allah ki karanta mani abin da aka rubuta nan ƙasa. Sau biyu ya isa."

"Don mi?"

"Baba zai ce in karanta mashi gaban mutane."

Haulat ta dubi rubutun, nata ne: "Ta iya karatu ƙwarai. Ta wuce zuwa sakandare." Ta karanta mata sau biyu a hankali.

Fadila ta ɗora yatsa a kan takardar, ta maimaita, ba kuskure ko ɗaya.