Facin Labulen Umma

…ai ramukan allurar suna nan. Goma sha tara. Ƙyallen facin ma ga shi a cinyarta. Zaren ne kawai babu.

Ƙarfe huɗu Yaya za ta zo ganin aikin kafin a kai shi wurin baje koli. Yana shimfiɗe, ya cinye falon: zanin gadon marigayiya Umma, rigunan filo, tsumman sauke tukunya mai ƙunar gefe, duk ta haɗe su wuri guda. A tsakiya labulen ɗakin Umma. Shi aro ne daga wurin Yaya. "Ki yi yadda kika ga dama da shi," in ji Yaya, "amma facin nan kada ki taɓa." Ta ce to. Ita dama to ba ya mata wuya.

Sai hannu ya yi halinsa. Shekara ashirin yana warware karkataccen ɗinkin ɗalibai. Ranar Talata, hankalinta na kan rediyo, reza ta bi ta kan facin… zaren ya bi shara.

To sai me? Baƙin zare ne, na kowane kanti. A mayar ta ramukan, wa zai gane?

Yaya mana. Karo na uku ke nan tana mayar da ɗinkin, yana fitowa sumul. Kai, wannan hannu, ko karkata bai iya ba! Na Umma nan a ɗame, nan sako-sako, kamar tafiyar mai ciwon ƙafa. Umman da take ɗinka musu kayan makaranta ba awo, me zai sa nata ya…

Hagu. Da hagu ta yi shi, bayan ɓarin damanta ya shanye.

Allura ta koma hagu. Tana sukar yatsa, tana sakewa. Yawwa, ga shi yana karkacewa, haka yake, haka —

"Auta, in kin samu sarari ki kama min labulen nan, ya yage." Muryar Umma ke nan, ranar nan; ita kuwa jaka a kafaɗa, mota na jira a waje. Gobe, Umma. Goben nan ta ci wata nawa? Ga mai koyar da ɗinki a cikin gida, amma tsohuwa ta zauna da hannu ɗaya… wa ma ya zura mata zaren?

Ana ƙwanƙwasa ƙofa. Huɗun ma ba ta cika ba. Tana rami na bakwai, saura goma sha biyu.