Asusun da Ta Kasa Rufewa

Ta buga umarnin har ƙarshe, saura kawai ta danna maɓallin shigarwa, sai ta janye hannu kamar wadda ta taɓa tukunya mai zafi. Ta goge layin. Karo na uku ke nan tun safe.

A kamfanin jigilar kayan nan kowa Gaggawa yake kiranta, har direbobi. Baba Injiniya ne ya raɗa mata sunan shekara shida da suka wuce, ranar da ta share foldar jadawalin motoci kaf da umarni ɗaya, ko mako ba ta yi da fara aiki ba. Bai yi mata faɗa ba. Kujera ya jawo ya zauna kusa da ita, ya dawo da komai daga ajiyar jiya, sannan ya ce, "Baƙin allon nan ba ya tambayar mutum ko ya tabbata. Ke za ki tambayi kanki." Tun daga ranar sunan ya bi ta.

To yau ga Gaggawa ta rasa gaggawa. Takardar tana gabanta, layi biyu ne kacal: Baba Injiniya ya yi ritaya, a rufe asusunsa na shiga kwamfutocin kamfani. Kwana goma sha tara ke nan tana tura ta ƙarƙashin wasu takardun.

Manaja ya turo ƙofa ya leƙo, yana murza hannuwa saboda sanyin ɗakin manyan kwamfutocin.

"Kin rufe?"

"Yanzu zan rufe, ranka ya daɗe."

"Haka kika ce ranar Litinin. Masu binciken tsaro ƙarfe biyu za su iso. In suka tarar da asusun wanda ya bar aiki a buɗe, asusun da ke iya taɓa komai, ni da ke ne a ruwa. Kuma kin fi ni nitsewa, don sunanki ne a takardar."

Ya ja ƙofar. Ta dubi agogo, sha biyu saura kwata.

Ba ragwanci ba ne, wallahi. Ranar farko ma ta zo rufewa, sai ta buga `last` don ganin waɗanda suka shiga, kamar yadda ya koya mata, ta ga sunansa. Ƙarfe bakwai na safe, daga gida. Washegari ma haka, jibi ma haka. Mutumin da ciwo ya shanye masa ɓarin dama, wanda cokali ma sai an riƙe masa, kullum sai ya shigo. Ta leƙa tarihin abin da yake bugawa, tana jin kunyar kanta. Abu uku ne rak: `df` don ya ga yadda ma'ajiya ta cika, `ping` don ya ji ko kwamfutar sito tana amsawa, sai fita. Aikin minti ɗaya, amma minti goma sha biyar yake ɗauka. Harafi biyun nan na `df`, wata rana sau huɗu ya buga su a karkace kafin hannun hagun ya yarda.

Da ta je gaishe shi, matarsa ta raka ta har bakin matakala, ta rage murya. "'Yata, ban da abin nan naku ba ya tashi daga gado. Shida da rabi zai ce in zaunar da shi, in sa masa tabarau, wai zai duba yara. Ni da na haifa masa huɗu bai taɓa duba su da sassafe haka ba."

Ta yi dariya a lokacin, amma kuka ta yi a cikin bas. Yanzu wa zai ce mata ta danna?

Tana zaune ta yi tagumi sai rubutu ya faɗo tsakiyar allonta, irin saƙon da mai amfani ɗaya yake aika wa wani in suna cikin kwamfuta ɗaya.

*gaggwa kina nan*

Baba Injiniya ne. Bai taɓa shigowa da rana ba. Kafin ta amsa wayarta ta yi ƙara, shi ne yake kira.

"Baba, ina wuni? Ya jiki?"

"Jiki da sauƙi." Maganar tana fita a hankali, harshen ya yi nauyi, amma muryar tasa ce. "Yau kwana nawa?"

Ta gane abin da yake nufi. "Sha tara."

"Sha tara! Wane ragon ne ya koya miki aiki?"

"Kai ne, Baba."

"Ƙarya kike. Ni cewa na yi ranar da mutum ya ajiye katinsa, ranar ake kulle shi, ko da ubanki ne. Yau masu bincike za su zo, ni na tsara ranar da hannuna. Kina so su kore ki a kaina?"

"Mama ta ce..."

"Mamanki ta cika surutu." Ya mayar da numfashi. "Kullum in na buga kalmar sirri ina cewa yau yarinyar nan za ta kore ni. Sai in ga ƙofa a buɗe. In ji haushi. Kuma in ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi ƙwarai. Amma ya isa haka. Jawo allonki."

Ta share ido da bayan hannu, ta kai yatsa kan umarnin kullewa.

"Na san abin da za ki fara bugawa. Tsaya tukuna, Gaggawa, sannu ba ta hana zuwa. Me ke gudana da sunana?"

Ta buga `ps`, ta duba jerin ayyukan da ya tsara su riƙa tashi da kansu. Ai kuwa ga shi nan: aikin ajiyar fayiloli na kullum, wanda ya cece ta shekara shida baya, da sunansa yake tafiya. Da ta rufe tun safe da ya tsaya cak, ba wanda zai sani sai ranar da aka nemi abu aka rasa.

"Kin gani ko? Mayar da shi sunanki. Foldata ma duka, ki mayar."

Ta buga `chown`, ta sa sunanta, ta danna. Ta sake jero fayilolin. Shekara ashirin da biyu na aikinsa, duk inda sunansa yake a gefen layi yanzu nata ne a wurin. Wannan ya fi komai taɓa mata zuciya.

"Na mayar, Baba."

"Madalla. Kulle."

Ta kulle.

"Saura ɗaya. Har yanzu ina ciki, kullewa ba ta fitar da wanda ya riga ya shiga. Fitar da ni."

"Baba, kai ka fita da kanka mana."

"Hannuna ya gaji. Ke dai yi aikinki."

Ta san ba hannun ba ne. Ta buga umarnin da ke tsayar da duk abin da mutum yake gudanarwa, ta rubuta sunansa harafi bayan harafi, ta karanta sau biyu, ta danna. Allon bai ce komai ba, layi kawai ya sauko.

"Ya yanke," in ji shi can. "Aiki ya yi kyau."

Sai yatsunta suka buga haruffa biyun nan, `df`, da kansu.

"Baba, ma'ajiya kashi sittin da huɗu."

"Da safe sittin da uku ne. Ki sa ido. Sito fa?"

Ta gwada. "Yana amsawa."

"To."

"Gobe ƙarfe bakwai zan kira ka in karanta maka."

"Kai, rufa mini asiri! Aiki ne ya yi miki kaɗan? Kada ki ɓata lokacinki a kan tsoho. Je ki sa hannu a takardarki kafin su zo."

Ta ce to. Ta ji ya ajiye wayar a kan tebur, amma hannun hagun bai samu maɓallin kashewa ba, layin yana nan a buɗe. Tana shirin katsewa sai ta jiyo shi daga nesa yana ƙwala wa matarsa kira.

"Ke! Gobe shida da rabi kamar kullum. Kuma zo ki sa wayar nan a caji."