Gwajin Ma'aunin Motar Dogo

Shekara goma sha tara Mai Saiti ya yi yana daidaita ma'aunin motocin ɗaga kaya, har ma'aikata suka manta da sunansa na yanka. A wurin zaman direba akwai wani ɗan allo da ke nuna nauyin abin da ke rataye a ƙugiya, idan nauyin ya kusa fin ƙarfin motar sai ya yi ƙara. Aikin Mai Saiti shi ne ya tabbatar allon nan ba ya ƙarya.

Wata Laraba aka kira shi filin wani kamfanin gine-gine, kuma ya san dalilin kiran. Kwana shida kafin nan, motar da Dogo ke tuƙawa ta ɗauki wani katon injin wuta, ta miƙa hannunta har ƙarshe za ta ajiye shi bayan katanga, sai ƙafafunta na baya suka bar ƙasa. Dogo ya saki kayan da sauri don kada motar ta kife. Injin ya sauka a kan mai ɗaure kaya, wani bawan Allah da ake ce wa Shiru saboda bakinsa ba ya hutawa. An yanke masa ƙafa ɗaya, ɗayar kuma likitoci suna ta fama.

Dogo mijin ƙanwar Mai Saiti ne. Ya rantse allon bai yi ƙara ba. Manaja ya ce ganganci ne kawai, ya dakatar da shi. Da safen nan ƙanwar ta tare yayanta a ƙofar gida, idonta ya kumbura.

"Yaya, kai ka san motar nan ciki da waje. Kwana shida ke nan ko ruwa sai na matsa masa."

"Abin da na gani shi zan faɗa," in ji shi.

"Ai ni ma ban ce ka faɗi wani abu ba."

A filin ya tarar da Manaja da wata jami'ar bincike da hukuma ta turo, mace mai gilashi, riƙe da littafi. Ta ce ta ga sa hannunsa a takardar saitin da aka yi wata takwas da suka wuce, lokacin da aka canza wa motar na'urar awo, saboda haka a gabanta za a yi komai, kuma ita za ta karanta allon. Da yake babu wani direba a kusa, ta yarda Dogo ya hau.

Dogo ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai kalli surukinsa ba. Ya fitar da ƙafafun motar huɗu, ya dasa su a kan katako, Mai Saiti ya zagaya yana duba ko ta zauna daidai. A gefe akwai tubalan siminti na gwaji, kowane an rubuta nauyinsa a jiki da jan fenti.

Suka fara da ƙugiya babu komai. Jami'ar ta tsaya a matakalar motar ta leƙa. "Sifili."

Aka rataya tubalin tan biyu, hannun motar a taƙaice. Igiyar ƙarfen ta miƙe, tubalin ya tashi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, suka jira ya daina lilo.

"Tan biyu cif."

Aka sa na tan biyar. Biyar. Aka miƙa hannun zuwa rabi, Mai Saiti ya ja tef daga tsakiyar motar zuwa ƙarƙashin ƙugiya, ya faɗi nisan, aka sake ɗagawa. Nan ma allon bai kuskure ba.

Manaja ya tafa hannu. "To, ranki ya daɗe, kin gani dai. Ƙarfe ba ya ƙarya, sai dai mai riƙe da shi."

Dogo ya kifa goshinsa a kan hannunsa. Jami'ar ta sauko, ta fara rufe littafinta.

Mai Saiti yana tsaye da tef a hannu. A daidai wannan wurin ya tsaya wata takwas da suka wuce. A ranar, hadari ya haɗo, tirela tana jiran a sauke mata kaya, Manaja yana ta kallon agogo yana cewa, "Malam, kai fa tsohon hannu ne." Gwaji uku ake yi: hannu a taƙaice, a rabi, da kuma a miƙe har ƙarshe. Ya yi biyu, ya ga sun yi kyau, ya sa hannu a kan ukun. Tun ranar da labarin Shiru ya zo masa yake ture wannan tunanin, yana ce wa kansa ai biyun sun isa shaida.

"Ba mu gama ba," ya ce. "Dogo, miƙa hannun har ƙarshe. A sa na tan biyu, kada ka ɗaga shi sama sosai."

Hannun ya yi ta fita gaɓa bayan gaɓa, har inuwarsa ta tsallake katanga. Tubalin ya tashi. Jami'ar ta daɗe tana kallon allon, ta cire gilashinta ta goge, ta sake kallo.

"Tan ɗaya da kilo ɗari uku."

Aka sauke, aka sake ɗagawa. Haka dai. Kilo ɗari bakwai sun ɓata a cikin tan biyu kacal, balle injin wuta.

Manaja ya fara cewa wataƙila jijjigar hatsarin ce ta rikita na'urar. Jami'ar ma ta gyaɗa kai kamar za ta rubuta hakan.

"Ba jijjiga ba ce," in ji Mai Saiti. "Ban taɓa saita wannan tsawon ba. Na sa hannu ban gwada ba."

Dogo ya kashe injin, ya sauko a hankali, ya zo ya tsaya a gabansa.

"Yaya, kwana shida ina ganin ni na nakasa mutum. Kana sane?"

"Ina zargi."

"Ranar Lahadin da ta wuce har gidana ka zo. Ka ci abinci, ka ce in yi haƙuri."

Dogo ya ajiye makullin motar a kan tubalin siminti, ya fita ta babbar ƙofa.

Jami'ar ta karɓi katin lasisinsa, ta sa a cikin littafinta. Ya roƙe ta ta bar shi ya ƙarasa saitin kafin ya tafi, kada motar ta koma aiki a haka. Ta ce a'a, wani za a turo, ta manna jar takarda a ƙofar motar. Ya naɗe tef ɗinsa, ya rufe akwatin kayan aiki.

An wanke Dogo bayan sati biyu, amma bai sake hawa motar ɗaga kaya ba. Ya nemi a mayar da shi sito. Ƙanwar tana gaida yayanta a waya, gaisuwa gajera, ba ta ce ya zo ba. Manaja kuwa ya shaida wa hukuma cewa bai tuna ya taɓa hanzarta kowa ba.

Sai da aka yi wata guda Mai Saiti ya iya zuwa asibiti. Ya tarar da matar Shiru a baranda tana wanke kwano a famfo. Ya gaya mata ko shi wane ne, da abin da ya yi, bai rage komai ba. Ta saurare shi har ƙarshe, ruwa yana zuba a kan hannunta.

"To, Malam, me kake so in yi da wannan maganar?"

"Ban sani ba."

Ta rufe famfon. Ta ce mijinta yana barci, kuma ba yau za ta faɗa masa ba, ranar Juma'a za a sake shiga da shi tiyata saboda ɗaya ƙafar. Ya tambaya ko zai iya dawowa. Ta ce asibiti ba gidanta ba ne, ta ɗauki kwanukanta ta shige ɗaki.

Ya zauna a kan bencin barandar har aka buga ƙararrawar tashin masu dubiya, sannan ya bi sahun mutane ya sauka.