Ƙofar da Ya Sani

Inna Tambaya ba ta taɓa kiran sunan Yusha'u ba. Ɗanta na fari ne, ita kuwa macen Bunguɗu ce ta da, ko wuta ta kama rigarsa "wancan" za ta ce. To, wancan ya tafi karatu ƙasar Turawa, jarrabawa ta kayar da shi, kunya ta hana shi dawowa, daga baya wasiƙa ma ta ɗauke.

Abin da ya bari shi ne shafin intanet da ya buɗe wa tsofaffin ɗaliban makarantarsu. Ragamarsa na hannun abokinsa Luka, mai shagon buga takardu a Gusau. A shekarar da soja suka miƙa mulki, Luka na cikin 'yan tsirarun da kwamfutarsu ke hawa intanet, shi ma sai ya haɗa ta layin tarho na Kaduna, sai kuma layin ya ga dama.

Duk ranar Litinin Inna kan hau mota ta zo Gusau, wai sayen zare. Zaren da ta tara ya isa ɗinka wa rabin Bunguɗu riga. Sai ta zauna a bencin Luka ta yi ta kallon kwamfutar, ba ta tambayar komai. Kewa ce ke cin ta, kowa ya gani.

"Inna, ki faɗi abin da kike so, in aika masa," in ji Luka.

"Ni in aika mai? Ka ji min ɗiyan zamani!"

Sai dabara ta zo wa Luka. Zai ƙara wa shafin wurin rubuta labarin gida lokaci-lokaci, na duk mai karantawa. Inna ta gyara mayafi ta ce in dai na kowa ne, babu laifi.

Manhaja biyu ya samo. Ta farko kyakkyawa ce, tana ɗaukar hoto, har ya fara tunanin sa hoton Inna a ƙofar gida, ko zuciyar Yusha'u ta karye. Sai dai kwamfutar can waje da ke riƙe da shafin tsohuwa ce, ba ta iya ɗaukar ta. Dole a kwashe komai a koma wani wuri, adireshi ya canza. Ta biyu kuwa ta dace da tsohuwar tsaf, amma baƙin rubutu ne tsurarsa, ba hoto ba ado.

Luka ya riga ya zaɓi mai hoto. Don ladabi kawai ya yi wa Inna bayani, da misalin tashi daga gida.

"Tashi?" ta ce. "In mun ka tashi, a wace ƙohwa matahiyi za shi yi sallama?"

"Za mu sanar da mutane, Inna."

"Wanda ba ya amsawa fa? A'a. Mijina ya rasu, ƙannensa sun ka ce in koma Tsahe, na ƙi. Ɗakina na yoyo, ina ciki. Bar muna mummunar."

Haka aka sa mummunar. Duk Litinin Inna ta faɗa, Luka ya buga: an yi ruwa, gero ya yi kai, akuyar maƙwabciyarta Saude ta haifi biyu, an yanke tsamiyar bakin masallaci. Ko sau ɗaya ba ta ambaci wancan ba. Akwai wurin da mai karatu zai bar amsa, tsofaffin ɗalibai na ta barin gaisuwa. Na wancan babu.

Bayan girbi, Luka ya duba bayanan masu shiga shafin, ya ga wani abu. Ya daɗe yana juya maganar kafin ya faɗa.

"Inna, akwai mai shigowa daga ƙasar da yake. Duk Talata. Ya karanta ya fita, ba ya cewa komai. Ban san ko wane ne ba fa."

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Tun yana ƙarami haka shi ke. In ya yi laihi sai shi laɓe a zaure shi saurara, shi ji ko muryata ta huce."

Ta share ido da sauri, ta ce ƙurar hanya ce.

"Rubuta mini. Ka ce tuwo na nan ruhe."

"Na wa zan ce, Inna?"

"Na kowa," ta ce.