Ranar da Soja Suka Karɓi Yamai

Rabo ya sake murɗa rediyon, ya girgiza ta, ya kara ta a kunne. Kiɗan soja ne dai, wanda aka fara tun da gari ya waye. Mazan Azarori da suka taru a inuwar masallaci suna jira, har wata murya ta katse kiɗan. Ta yi magana da Faransanci, aka maimaita da Hausa: soja sun karɓi mulki a Yamai, an rushe majalisa, kowa ya zauna inda yake. Litinin ce, sha biyar ga Afrilu, 1974, shekarar da fari ya cinye shanun Adar.

"To, wataƙila yanzu a buɗe mangaza, rumbun gwamnati, mu ga dawar taimakon da aka ta faɗi," in ji wani tsoho.

Halidu bai ji shi ba. Ɗansa Sha'ibu gardi ne a ƙofar fadar shugaban ƙasa, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage masa.

"Rabo, sun ce an yi harbi?"

"Ba su ce ba."

"Ba su ce an yi ba, ko ba su ce ba a yi ba?"

Rabo ya sunkuyar da kai. "Halidu, ka taɓa jin an miƙa hwada da hannu biyu, ba hwaɗa?"

Halidu ya tashi ya shiga gida. Matarsa Kulu tana tsaye a tsakar gida da taɓarya a hannu, turmin kuwa babu abin kirki a ciki. Ta riga ta ji. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya leƙa rumbu ba tare da ya san abin da yake nema ba, ya dawo ya sa takalmansa.

"Za ni Madawa. Akwai talho a posta, in buga waya Yamai."

"In ba ka samu ba fa, Malam? Mutanen mishan suna da tasu rediyon da suke magana da Yamai da ita. Isuhu na can."

"Kar ki ambata mani shi."

Isuhu ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana saurayi aka kai shi asibitin mishan da gyambo a ƙafa. Ƙafar ta warke, shi kuma ya zauna, ya zama Kirista, ana kiransa Yosefu, yana gyaran injuna. Ranar da mahaifinsu ya rasu ya zo ta'aziyya, Halidu ya tare shi a zaure gaban mutane, ya ce kada ƙafarsa ta sake taka gidan. Tun daga ranar ba su haɗu ba.

Jakin Halidu ya mutu tun da rani ya kama, don haka da ƙafa ya bi hanya. Rana ta bazara tana dukan kai. Gonaki fayau, ko kara babu, an cinye shi. Yana tafe yana sauri, sai ya ga saurin ba ya rage masa komai, ya sassauta, can kuma ya sake ɗaga ƙafa. A bakin garin Madawa ya ratsa ta zangon Buzayen da yunwa ta koro daga arewa, mata suna zaune ƙarƙashin tsummokara, ba wadda ta ɗaga kai.

Posta a rufe take. Wani jandarma yana zaune a bakin ƙofa da bindiga a cinya.

"Sannu da aiki, samari. Ina son in kira Yamai ne."

"An yanke waya."

"Ɗana gardi ne a hwada. Sha'ibu Halidu."

Jandarman ya dube shi, ya dubi hagu da dama, ya rage murya. "Baba, yau kada ka sake hwaɗin wannan magana a gari. Ni kaina ban san wa ni ka yi ma aiki ba. Koma gida."

Halidu ya nufi tasha. Mutane sun yi gungu-gungu, kowa da labarinsa. Wani ya ce gardawan fada sun yi faɗa har safe, ba wanda ya fita. Wani ya ce ƙarya ne, barci aka same su suna yi. Wani direba ya rantse an ga gawa a kan titi, da aka tambaye shi wa ya gani, ya ce shi ma ji ya yi. Halidu ya bar wannan gungu ya koma wancan, ya sake dawowa. Ya zauna a kan wani benci, bai daɗe ba ya miƙe. Ya yi alwala, ya yi azahar, ya kasa tuna ko raka'a nawa ya yi.

Wata babbar mota mai ɗaukar albasa tana shirin tashi yamma, hanyar Ƙonni. Asibitin mishan a kan hanyar yake. Halidu ya tsaya yana kallonta har injin ya tashi, har ta fara motsi. Sannan ya ruga, ya kama ƙarfen baya, aka ja shi sama.

La'asar ta kusa lokacin da ya sauka. Bai taɓa shiga wurin ba. Masu jinya sun cika gindin itatuwa da tabarmi da tukwane, daga wani ɗaki mai rufin kwano kuma ana jin waƙar mata, don Kiristoci suna cikin bikinsu na Paska. Ya tambayi wani mai shara gidan Isuhu, mutumin ya ce bai san shi ba.

"Yosefu," in ji Halidu, kamar mai tauna tsakuwa. "Mai gyaran inji."

Aka nuna masa wani ɗan gida na laka a bayan asibitin. Ya yi sallama. Wata mata doguwa ta fito tana goge hannu da zane. Ta dubi fuskarsa, sai ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ni ce Susana, matar ƙanenka."

"Kin san ni?"

"Goshinku ɗaya."

"Ina shi ke?"

Ta miƙe a hankali. "Ba ku gamu ba? Ai wurinka ya tahi. Ina ɗakin sujada, na dawo na iske ya ɗauki mobilet, babur ɗin nan nashi. Maƙwabciya ta ce an kira shi ɗakin rediyo, ya hito da gudu, ya ce a gaya mani ya tahi Azarori."

Halidu ya dafa bango. Mutumin da aka kora daga zaure ba zai koma don gaisuwa ba. Ya san irin labarin da ba a aikawa da shi, sai dai a kai da baki. Ya ga a idon matar cewa ita ma abin da ke ranta ke nan.

"Bai ce komi ba?"

"Bai ce ba, Yaya. Zauna, in kawo ruwa."

"Ba ni zama. Ina mai rediyon?"

Ta yafa mayafi ta shige gaba. Ɗakin rediyon a kulle yake. Suka je ɗakin magani, aka ce Barnabas, mai kula da rediyon, ya tafi wajen rijiya. A rijiya aka ce yanzu ya bar nan. Susana tana sauri, Halidu yana bin ta, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya lura tana motsa baki tana tafiya, ya gane addu'a take yi, bai ce mata komai ba. A ƙarshe suka same shi a bayan ɗakin haihuwa yana ɗaura wata waya da ta tsinke, wani gajeren mutum mai furfura da tabarau.

"Barnabas, ga yayan Yosefu," in ji Susana. "Uban Sha'ibu."

Barnabas ya ajiye abin da ke hannunsa. "Malam, ɗanka na da rai."

 Halidu ya tsuguna a wurin, ya rufe fuska da hannun riga. Susana ta juya baya don kada ta gani.

"Gaya mani yadda sunka ce," in ji shi bayan ya nutsu. "Kada ka rage, kada ka ƙara."

"Da hantsi mutanenmu na Yamai sunka kira. Ba su iya hwaɗin komi a hili ba, don soja na saurare. Sun ce, a gaya ma Yosefu ɗanai ya zo cin Paska, ya ɗan ji ciwo a hannu an ɗaure mai, zai kwana biyu wurinsu. Daga nan jandarmomi sunka zo sunka ce a kashe na'urar. Ba mu sake magana ba."

"Ɗan Yosefu sunka ce?"

"Haka sunka ce. Na san gidan mishan ɗin nan na Yamai, Malam. Rana irin ta yau ba su buɗe ma wanda ba su sani ba. Ina jin haka yaron ya hwaɗa musu a bakin ƙohwa."

"Ina ya san gidan?"

Barnabas ya dubi Susana. Ita ta amsa, idonta a ƙasa. "Duk hutun da za shi gida, nan yake sauka ya kwana, Yaya. Ƙanenka ne ya kwatanta mai gidan, ya ce in wata rana ya rasa wurin zuwa a Yamai, ya je can."

 Wata mata ta wuce da jariri a goye, tana kallonsu. Daga nesa, rediyon wani majinyaci tana ta kiɗan sojan nan.

"Ɗan Yosefu," Halidu ya sake cewa. Ya share fuska, ya miƙe. "To, bai yi ƙarya ba."

Suka koma gidan. Susana ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta kawo ruwa a kwanon sha, ta ajiye buta a gefe. Halidu ya tsaya a kan ƙafafunsa yana duban hanya. Yanzu Isuhu ya isa Azarori. Halidu ya gan shi a ransa tsaye a bakin zaure, yana sallama, mutane suna kallo, ba wanda ya san ko a ce masa ya shigo. Sai ya tuna Kulu ce a gida, ita kuwa ba za ta bar mai irin wannan labari a tsaye ba.

"Akwai mota da za ta Madawa kafin magariba," in ji Susana. "Sun ce an hana yawon dare. In za ka koma, sai yanzu."

Halidu ya yi taku biyu zuwa ƙofa, ya tsaya.

"Yau zai dawo?"

"In ya ji ka taho nan, ba ya kwana."

"To in na tashi, sai mu sake saɓawa a hanya."

Ya cire takalmansa, ya zauna a kan tabarmar, ya ɗauki kwanon ya sha ruwan har ƙasa. Sannan ya dube ta sosai, karo na farko.

"Kuna da ɗiya?"

"Uku, Yaya."

"Kira mani su."