Kunkurun Neman Lada

Tafkin gidan bautar Buddha ya cika maƙil da kunkuraye, har hawa kan juna suke. Sai ga Goggo Qiu da wani a bokiti, ta sayo za ta sake shi don neman lada.

"Goggo, babu wuri!" in ji Pan Deshun, mai kula da tafkin, wanda sai ya kashe wasu kafin a samu wuri.

"Ladan nawa za ka tare? To kashe shi mana, Buddha na kallonka!"

Ya ja tsaki ya karɓa. Da yamma ya lallaɓa da shi gida, ya tarar da matarsa tsaye kan bahon wanka, kunkurayen jiya da shekaranjiya sun ɗago kai suna kallonta.

"Wani kuma?" ta ce. "Mutanen gari na kwasar lada, mu ko wanka ya gagare mu!"